Tayil Talatin na Bikin Ɗiyar Hajiya

Ranar da yaron gidan Hajiya ya zo ya ce ana kirana, na ɗauka kuɗin kafin alƙalami za ta ba ni. Na tarar da ita a tsakar gida ta kife tukunyar tuwo a kan tabarma, gindin yana kallon sama. A cikin baƙin hayaƙin gindin, ga rabin dagin Arewa nan shuɗi da ja ya manne raɗau. Ɗaya rabin yana kan tayil ɗin mazaunin tukunya da na kawo mata samfuri kwana uku da suka wuce, wanda yanzu ya rabu gida biyu.

"Malama, wanga abu naku ya bi tukunya," in ji ta. "Yarinya ta sauke tuwo ta aza bisa, da ta ɗaga sai ya taso tare da ita. Kahin ta ankara ya saki ya hwaɗi. Allah ya kiyaye ba bisa ƙahwarta ba."

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Laifina ne, ban gwada shi da zafi ba."

Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ake ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙo. Ba ta janye aikin ba, ta dai ce biki sai bayan kaka, in je in gyara. Wannan rubutu bayanin abin da ya biyo baya ne: abin da muka yi ba daidai ba, gwaje-gwajen da muka yi, da inda aikin ya tsaya. Na rubuta shi ne saboda malaman sana'ar hannu da masu koyar da mata a cikin gida, don na ga wannan aiki ya fara yawo a wayoyin mutane, kuma yawancin masu nuna shi ba su taɓa aza masa tukunyar tuwon shinkafa ba.

Asalin aikin

Ina koyar da zane a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Argungu. A dogon hutun damina nakan tara 'yan matan unguwa a zauren gidanmu mu yi wani aikin hannu, don zaman banza a wannan shekaru ba ya haifar da ɗa mai ido. Wannan karon su shida ne, babbarsu ta gama sakandare, ƙaramarsu tana aji biyu.

Abin da ya kawo tunanin mazaunin tukunya ba wani abu ba ne illa ledar ɗaki. Duk wadda ta shiga ɗakunan mata ta san wannan zagayayyen tabo, inda aka taɓa dire tukunya ko butar shayi leda ta narke ta yamutse. A da, da ake daɓe, ƙasa ba ta damu da zafi ba. In ma ana son kare tabarma, sai a jawo gammo ko tsohon faifai. Yanzu leda da kafet sun shiga ko'ina, ga teburin roba, amma ba a zo musu da gammonsu ba. Mahaifiyata har gobe "gammon tukunya" take kiran abin da muke yi, kuma ina ganin sunanta ya fi nawa dacewa.

Tayil kuwa ga shi nan a yashe. Duk inda ake gini, mai sa tayil yana barin tsibin guntaye a bakin katanga. Mun roƙi wani magini da ke aiki a bayan layinmu, ya ce mu kwashe, mun ma rage masa aiki. Ya yanka mana su da giranda murabba'i, santimita 20 kowane gefe. A nan na fara koyon abin da ban sani ba: yana yankan yana zuba ruwa a bakin wuƙar. Na ɗauka don kada ta yi zafi ne kawai, ashe har da ƙura. Ƙurar tangaran tana ɗauke da garin dutse mai laushi wanda in ya shiga huhu ba ya fita, shi ya sa na hana yaran tsayawa kusa, kuma ko goge kaifin gefe da samfefa sai mun jiƙa tayil ɗin tukuna.

Mun yi guda goma sha biyu a makon farko, da fentin akirilik irin wanda nake amfani da shi a aji, muka bi shi da banish. Sun yi kyau, ba na musu. Hajiya ta gani a hannun jikarta, ta ce tana son talatin don rabo a bikin autarta, maimakon robobi da mafitai da kowa ya gaji da karɓa.

Abin da ya sa fenti ya bi tukunya

Da na dawo daga gidan Hajiya na zauna da guntayen biyu ina jujjuya su. Na sa farce a gefen zanen, sai ya ɓare kamar fatar albasa, ƙasansa fes, kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Wato matsala biyu ce ta haɗu, kuma kowace da dalilinta.

Ta farko, saman tayil gilashi ne. A masana'anta ana shafa wa yumɓun wani ruwan haɗi, a gasa shi a wutar da ta haura digiri 1000 a ma'aunin Salshiyas, haɗin ya narke ya zama rufin gilashi mai santsi, wato ƙyalli. An yi shi ne musamman don kada komai ya kama shi, ko maiƙo ko datti. To fenti ma komai ne. A kan takarda ko katako yana samun ƙofofin da zai shiga ya riƙe. A kan gilashi kwanciya kawai yake yi. Mun ƙara ɓata lamarin da hannuwanmu, domin ba mu goge tayil ɗin da sifirit ba kafin zane, kuma yatsun 'yan mata ba sa rabuwa da man shafawa.

Ta biyu, akirilik roba ce. In ya bushe yana zama siririyar ledar roba mai launi, kuma irin robar da zafi ke sassauta ta. Tun kafin zafi ya kai na tafasar ruwa ya fara yin danƙo. Tukunyar tuwo da aka sauke yanzu daga murhu, gindinta ya wuce digiri 100, ga nauyi. Ta danne fentin, ya yi laushi, ya sami gindin tukunya mai kaushi da hayaƙi wanda ya fi gilashi daɗin riƙewa, sai ya zaɓi tukunya. Banish ɗin da na shafa don kariya shi ma narkewa ya yi ya zama gam. Kenan ledar ɗakin da muka fito karewa, irinta muka shimfiɗa a saman tayil ɗin.

Abin ya yi mini ciwo, domin na san duk wannan a karatu. Na tuna malaminmu na tangaran yana nanata mana cewa launin da zai zauna a jikin tangaran har abada sai wanda ya shiga wuta tare da shi. Haka tayil ɗin masallatan Turkiyya da na gidajen Fotugal suka yi ɗaruruwan shekaru launinsu bai gushe ba. Haka tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, bayan ta shiga, a 1954, cibiyar koyon tangaran da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Zanen ƙadangare da kifin da take tsagawa a jikin tulu yana kwance ne a ƙarƙashin ƙyallin da aka gasa a wuta mai tsananin gaske. Mu kuwa a zaure muke, da buroshi da tasar ruwa.

Gwaji

Na ce wa yaran ba za mu sake zana ko fure ɗaya ba sai mun san abin da ke jure zafi. Ba su ji daɗi ba. Yarinya tana son ta ga abu mai kyau ya fito daga hannunta, ga ni ina sa su shafa layuka a kan guntaye kamar masu gwajin alli.

Mun ɗauki guntaye muka wanke da sabulu, muka goge da sifirit, muka kasa su huɗu. Kashi na farko akirilik zalla. Na biyu akirilik da banish. Na uku fentin mai, irin na ƙofa da taga, wanda wani mai fenti ya rantse mana cewa ko wuta ba ta cinsa. Na huɗu fentin tangaran na gashi, wanda ƙanena ya sayo mana daga Kano a 'yan ƙananan kwalabe. Sunansa Pébéo Porcelaine 150, ɗan Faransa ne, kuma lambar da ke cikin sunan ita ce ƙa'idarsa: a bar zane ya sha iska awa 24, sannan a gasa shi minti 35 a zafin digiri 150.

Abubuwan gwajin kuwa daga madafa muka ɗauko su, domin can za a yi amfani da abin: butar shayi da ta tafasa, tukunyar tuwo, da kaskon suyar ƙosai da mansa, wanda ke kaiwa wajen digiri 180. Kowanne mukan aza shi mu bar shi har ya huce.

Akirilik zalla ya sha da ƙyar a ƙarƙashin buta, ya bar tabon zobe, tukunya kuwa ta ɗauke shi. Mai banish ya fi muni, tun a buta ya manne. Fentin mai ya ba mu wahala tun kafin gwaji, domin cikin damina ya kwana huɗu yana danƙo, ƙudaje da ƙananan ƙwari suna mutuwa a kansa. Da ya bushe ya jure buta, amma tukunya ta sa shi wari, fari ya koma ruwan ɗorawa, kaskon ƙosai kuma ya tayar masa da ƙuraje.

Ko da ya jure ma da ba zan yi amfani da shi ba, kuma dalilin ya fi zafi nauyi a wurina. Wasu fentocin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, ana haɗa su da dalma, kuma gwangwanin da ake aunawa a kasuwa ba ya gaya maka abin da ke ciki. Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, maƙwabtanmu. Can daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje gubar ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a hannun yaro, hannu a baki. Abin da za a ajiye a ƙasa kusa da kwanon abinci, inda mai rarrafe zai ɗauka ya lasa, ba wurin caca ba ne.

Fentin gashi ne kaɗai ya fita da mutuncinsa. Buta ba ta yi masa komai ba, tukunya ma haka a karo na farko da na biyu. Amma da muka yi ta maimaitawa, muna jan tukunya a kansa kamar yadda mai aiki cikin sauri za ta yi, sai ya fara nuna ƙarce. Kaskon ƙosai kuma ya dusashe masa haske a inda ya zauna. Abin da aka gasa a 150 ba a sa ran ya yi dariya a 180. Na rubuta wannan a littafina na ja layi a ƙarƙashinsa, domin shi ne ya sauya mana fasalin zanen gaba ɗaya daga baya.

Gashin yashi

Na tsallake wani abu: yadda muka gasa su. Ba mu da obin. Ko da akwai na lantarki, wa zai dogara da wuta ta zauna minti 35? Na je wani gidan burodi na roƙa, mai gidan ya karɓe ni da mutunci amma ya ce tanderunsa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma ba zai haɗa burodin mutane da warin fenti ba. Gaskiyarsa.

Babbar cikin yaran ce ta kawo mafita. Ta ce, "Malama, ai Innarmu da yashi take gasa kek." Kowace mace ta san wannan: babbar tukunya, a zuba yashi a ƙasa, a aza gwangwanaye, a rufe, wuta kaɗan a ƙasa, garwashi a kan marfi. Muka samo tsohuwar tukunyar biki wadda aka daina girki da ita, muka ware ta don wannan aiki kaɗai. Na sayi ɗan ma'aunin zafi irin na masu kek, muka sa shi a ciki.

Gashin farko mun sa huɗu, biyu suka fashe. Muna zaune muka ji ƙas, sannan ƙas. Da muka buɗe, ɗaya ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ɗaya kuma ƙyallinsa ya yi tsaga-tsaga kamar busasshen tabki. Na koma wurin maginin da guntayen. Ya juya bayansu, ya ɗiga ruwa a kan kowanne. A kan waɗanda suka fashe ruwan ya ɓace nan take. A kan waɗanda suka tsira ya tsaya ƙwal kamar a kan ganyen gwaza.

"Malama, wanga na bango ne, wanga na ƙasa," ya ce. "Na bango shan ruwa garai. Kuma kun kwashe su cikin ruwan sama."

Daga baya na tabbatar da maganarsa. Tayil ɗin bango yana iya shan ruwan da ya haura kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, shi kuwa na ƙasa mai ƙarfi, wanda aka gasa a wuta mafi zafi, bai kai rabin kashi ɗaya ba. Namu sun yi makonni a bakin katanga ruwan Agusta yana dukansu. Sama ya bushe, ciki yana jiƙe. Ga kuskure na biyu, wanda nawa ne: na bari yashin ya yi zafi tukuna sannan na jera su, kamar kek. Tangaran ba ya son a ba shi mamaki. In gefe ɗaya ya buɗe da zafi kafin ɗayan ya ji, tsagewa zai yi.

Daga nan muka kafa ƙa'ida. Na ƙasa kaɗai muke ɗauka, kuma kowanne sai ya ci jarrabawar ɗigon ruwa. A shanya shi a rana kwana biyu kafin zane. A jera a tukunya tun tana sanyi, a kan 'yan duwatsu don kada ya taɓa yashi. A tayar da wuta a hankali, sai ma'auni ya nuna 150 a fara ƙirga minti 35. Riƙe zafin a wurin shi ne aikin gaske. Yarinya ɗaya ba ta da aiki sai zare itace da mayar da shi, kuma duk ɗaga marfi don duba ma'auni yana zubar da zafi, don haka muka rage leƙe. In lokaci ya cika a janye wuta, a kwashe garwashin marfi, a bar tukunyar a rufe har gari ya waye. Daga ranar ba mu sake asarar ko ɗaya a gashi ba. Guda huɗu take ɗauka a lokaci ɗaya, don haka talatin ɗin Hajiya sun ci mana gashi takwas.

Inda tukunya za ta zauna

Layin da na ja a littafina ya dawo. In har fentin da ya fi kowanne ma yana ƙarcewa a ƙarƙashin tukunya, me ya sa za mu sa shi a ƙarƙashin tukunya? Muka auna gindin tukwanen gida da butoci, muka ga yawancinsu za su zauna a cikin da'ira mai faɗin santimita 14. Sai muka zana wannan da'ira da kamfas a tsakiyar kowane tayil muka bar ta fara fat. Zafin tukunya ya sauka a kan ƙyallin masana'anta, wanda ya riga ya ga wutar da ta ninka wannan sau da yawa. Ado kuma ya koma kusurwa huɗu da bakin gefe.

Yaran sun yi gunaguni, suna ganin an ƙwace musu fili. Amma cikin mako ɗaya sai ga zanen ya fi na da kyau. Da, kowace tana cika tsakiya da babban fure irin na zanen gado. Yanzu da wuri ya ƙuntata, sai suka koma ga abin da hannunsu ya riga ya iya. Biyu daga cikinsu masu ƙunshi ne, kuma ƙunshi ai ado ne na gefe da kusurwa, na bin yatsa da zagaye tafin hannu. Suka ajiye buroshi suka ɗura fentin a ƙullin leda irin na lalle, suna matsawa, layi yana fita siriri kamar zare. Ni da na yi karatun zane ban kai su tsabtar layi ba. Wata ta ɗauko zanen bakin ƙwarya, wata ta kwaikwayi aska biyu ta wuyan babbar riga. Dagin Arewa ya ƙanƙance ya shiga kusurwa, ya fi kyau a can.

An yi muhawara biyu a kan abin da za a zana. Ƙaramarsu ta so ta sa giwan ruwa da homa da gora, tunda mu 'yan Argungu ne, kuma tun 1934 da aka fara bikin kamun kifi duniya da kifi ta san mu. Hajiya ta ce homa da gora ta yarda, amma a bar mai rai, don cikin waɗanda za a raba wa akwai waɗanda ba za su shigar da shi ɗaki ba. Sai ragar homa ta zama adon gefe, kuma ta yi kyau ƙwarai, don raga da ma zane ce. Ta biyun ni na tayar da ita. Hajiya ta so a rubuta sunan ango da amarya kamar yadda ake yi a jikin kofuna da jakunkuna. Sunan angon irin masu farawa da Abdul ne. Na ce, "Hajiya, abin nan ƙasa za a riƙa ajiye shi, a aza masa tukunya, wata rana a tsallake shi." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Kin yi gaskiya, ɗiyata. A bar suna." Muka ɗaura sunayen a 'yar takarda a jikin ledar naɗi.

Ƙarƙashin tayil

Wannan ɓangaren na raina shi, kuma ya kusa kunyata mu karo na biyu. Tayil ba ya tare zafi, jinkirta shi kawai yake yi. Ka aza tukunya, bayan 'yan mintuna ka taɓa bayansa ka ji. Ga bayan nasa da kaushi, yana ƙarce tebur yana yaga leda. Da farko mun manna soson katifa da gam ɗin kyandir. Gam ɗin da zafi ya narkar da shi aka shafa, zafi kuma ya sake narkar da shi, soson ya zame. Robar tsohuwar tayar keke ta riƙe, amma tana wari in ta ji ɗumi, tana kuma barin baƙin tabo a farar leda.

Wurin dukawa muka sami magani. Suna da guntayen fata da ba sa komai da su. Muka yanka su ƙanana, muka ninka uku-uku, muka manna a kusurwa huɗu da gam ɗin masu gyaran takalmi. Kusurwa ita ce inda zafi ya fi jinkirin isa, kuma tudun fatar ya ɗaga tayil ɗin daga ƙasa kamar kaurin fensir. Iskar da ke wucewa ta wannan rata ita ke yin aikin karewa. Mun gwada a kan sabuwar leda da tukunyar tuwo, muka ɗaga bayan ta huce, ba ko alama.

Bayan biki

Sanyi ya shigo kafin mu gama, ya zo da tasa fitinar. Ƙurar hunturu tana sauka a kan ɗanyen fenti, kuma fentin yana bushewa a bakin ƙullin leda kafin a gama layi. Muka riƙa kife kwali a kan kowane tayil da aka gama, muna aiki da sassafe kafin iska ta tashi. Mun kai wa Hajiya talatin cif saura kwana biyar ɗaurin aure.

Ta fuskar kuɗi ba zan ce mun ci riba ba. Na yi mata farashi tun lokacin da nake tunanin akirilik da banish ne, kuma ban ga fuskar komawa in ƙara ba bayan samfurina ya bi tukunya. Fentin gashi ya cinye fiye da rabin abin da ta biya, itace da gawayi suka ci nasu, abin da ya rage na raba wa yaran, bai kai ladan wahalarsu ba. Tayil kyauta ne, shi ya ruɗe ni na manta cewa kwana da kwanaki na hannun mutum shida ba kyauta ba ne.

Wata biyu bayan biki na bi gidaje tara daga cikin waɗanda suka samu, don in ga yadda abin ya kasance. A gida uku an jingine shi a cikin kabet tare da kwanukan ado, ba a taɓa aza masa komai ba. Wata ta ce mini, "Haba Malama, wannan kyakkyawan abu zan sa wa baƙin tukunya?" A gida biyu yana aikinsa a ƙarƙashin butar shayi, zanen yana nan lafiya. A sauran huɗun na tarar da abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba: kaskon turaren wuta aka ɗora a kai. Ashe abin da ya fi tukunya ƙona kafet a ɗakin mace shi ne garwashin turare, wanda ke faɗowa in ana zagayawa da kasko ko an dire shi a gefen gado. Uku daga cikinsu kaskon ƙasa ne mai ƙafa, tayil ɗin bai ji komai ba sai toka. Na huɗun wani ɗan kwanon ƙarfe ne marar ƙafa aka cika da garwashi aka dire a tsakiya, kuma tayil ɗin ya tsage biyu, domin garwashi ya fi gindin kowace tukunya zafi, ga shi a wuri ɗaya. Matar ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Na ce mata kafet ɗinta fa? Ta ce ko gashi ɗaya bai ƙone ba.

Yanzu masu zuwa nema ba sa cewa mazaunin tukunya, "na turare" suke cewa, kuma sun fi son ƙarami. Mun koma yankan santimita 15, muna gaya wa kowace mai saye ta yi amfani da kasko mai ƙafa.

Babbar cikin yaran ba ta haƙura da maganar launin da ke shiga wuta ba. Ta je wurin masu ginin tukwane ta tambaya ko za su sa mata tayil a cikin gashinsu. Na bayyana mata cewa gashin fili na kara da itace ba ya kai zafin da zai narkar da ƙyalli irin na masana'anta, kuma tsohuwar dabarar sa ƙyalli ya narke a ƙaramar wuta ita ce a zuba masa dalma, wadda ba za ta shigo zaurenmu ba. Ta ce to a ina ake koyon na gaskiyar? Na ce akwai sashen da ake koyar da tangaran a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da tanderun da ya kai wannan zafi. Ta rubuta a bayan littafinta. Jiya mahaifinta ya aiko a tambaye ni darussan da ake bukata a jarrabawar shiga.